BABBAR MANHAJA: YADDA MASANA KE KOYA WA KWAMFUTA JURE WA MATSALA

Gabatarwa

A shekarun baya, in aka ce kwamfuta, ko na'ura mai ƙwaƙwalwa, hankali yakan tafi ne ga manyan bankuna da jami'o'i. A yau kuwa ta shiga ko'ina a ƙasar Gumel. Wayar salula da ke aljihun manomin riɗi a Gagarawa kwamfuta ce. Na'urar POS da ake cirar kuɗi da ita a kasuwar dabbobi ta Maigatari kwamfuta ce. Haka kuma tun daga shekarar 2015 duk ɗalibin da ke neman shiga jami'a, daga Sule Tankarkar yake ko daga Legas, a gaban kwamfuta yake rubuta jarrabawar JAMB. Saboda haka in na'ura ta sandare, ciniki ne ya tsaya, ko kuma karatun shekara guda ne ya shiga haɗari.

Wannan darasi zai yi bayani a kan manhajar da ke riƙe da ragamar kowace kwamfuta, da kuma binciken da masana suka shafe sama da shekara 60 suna yi domin ta zama abin dogaro, ta kuma yi sauri. Abin da binciken ya tabbatar shi ne, ba a samun na'urar da ba ta kuskure. Nagartacciyar na'ura ita ce wadda ke killace kuskure a inda ya faru, ta kuma farfaɗo da wuri. Wannan dabara ce da jikin mai rai ya daɗe yana aiki da ita, kamar yadda ɗaliban ilmin halittu za su gani nan gaba.

Mece ce babbar manhaja?

Kwamfuta tana da gangar jiki, wato ƙarafa da wayoyin da ake iya taɓawa, tana kuma da manhaja, wato jerin umarnin da mutane suka rubuta mata. A cikin gangar jikin akwai sassa uku da ya kamata a sani. Na farko ita ce masarrafa, wadda ke yin lissafi da zartar da umarni. Na biyu ita ce ma'adanar wucin gadi, wadda ke riƙe da aikin da ake kan yi. Tana da sauri ƙwarai, amma da zarar wuta ta ɗauke sai ta manta da komai. Na uku ita ce ma'adanar dindindin, wato faifai, wadda ba ta mantuwa amma tana da nawa.

Manhajojin da mutum ke gani, kamar na rubutu ko na aika saƙo, ba sa taɓa waɗannan sassa kai tsaye. Tsakaninsu akwai babbar manhaja. Windows da Linux da Android da iOS duk sunayen manyan manhajoji ne. Ita ce ke raba wa kowane aiki lokacinsa a kan masarrafa, ta yanka masa gurbinsa a ma'adana, ta kuma isar da saƙonsa ga allo ko na'urar buga takardu. Ɓangarenta mafi muhimmanci, wanda ke da ikon taɓa komai a cikin na'ura, shi za a kira cibiya a wannan darasi.

Ana iya kwatanta ta da sashen ƙwaƙwalwar ɗan Adam da ke haɗe da laka, wanda ke kula da numfashi da bugun zuciya. Mutum ba ya tunanin wannan sashe yayin da yake karatu ko noma, amma in ya tsaya, komai ya tsaya.

Masarrafa ɗaya, ayyuka da yawa

Matsalar farko da masana suka fuskanta ita ce ta rabo. A 1961 Fernando Corbató da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna cewa mutane da yawa suna iya amfani da kwamfuta ɗaya a lokaci guda, in har babbar manhaja tana bai wa kowa ɗan taƙaitaccen lokaci tana zagayawa da sauri. A kan wannan tunani ne Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a 1969. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, tsarin Unix ta bi, kuma a kan cibiyar Linux aka ɗora Android da ke cikin wayoyin Tecno da Itel da Infinix.

To, amma rabo yana zuwa da haɗari. In ayyuka biyu suka nemi canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, sai su ɓata shi. Mutanen Gagarawa Tasha ba baƙin wannan matsala ba ne, domin garin yana kan layin dogon da ya tashi daga Kano, ya bi ta Ringim da Malam Madori, ya isa Nguru a 1930. Layi ne guda ɗaya, na zuwa da na dawowa duk a kansa suke bi. Ƙa'idar irin wannan layi a duk duniya ita ce, jirgi biyu ba sa shiga tsakanin tasha da tasha a tare. Dole ɗaya ya tsaya a tasha har sai an ba shi alamar cewa hanya ta buɗe. A farkon shekarun 1960 wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya ƙirƙiro wa kwamfuta irin wannan ƙa'ida, har ma sunan alamar jirgin ƙasa ya ara ya sa mata. Duk aikin da zai taɓa abin da ake tarayya a kansa sai ya karɓi makulli tukuna, sauran su jira har ya mayar.

Makulli kuwa yana da tasa fitinar. A ranar 4 ga Yuli, 1997, kumbon Pathfinder na Amurka ya sauka a duniyar Mars. Bayan 'yan kwanaki sai kwamfutarsa ta shiga kashe kanta tana sake tashi. Ga abin da ya faru, a misalce. Wani ƙaramin ɗalibi ya karɓi makullin ɗakin gwaje-gwaje. Shugaban makaranta yana bukatar makullin, yana zaune yana jira. Amma manyan ɗalibai sai tare yaron suke yi a hanya suna aikensa, domin sun fi shi girma. Ta haka manyan ɗalibai suka tsare shugaban makaranta ba tare da sun sani ba. A cikin kumbon, ƙaramin aikin shi ne na tattara bayanan yanayi, babban kuwa shi ne na kula da zirga-zirgar bayanai. Da mai gadin da aka sa ya ga babban aiki ya makara, sai ya sake tayar da na'urar gaba ɗaya.

Injiniyoyi sun maimaita matsalar a kan kwafin na'urar da ke ɗakin bincikensu, suka gano ta, suka aika da gyara zuwa Mars. Maganin, wanda masana suka riga suka wallafa tun 1990, shi ne a ara wa yaron martabar shugaba muddin makullin na hannunsa, yadda babu mai ikon tare shi. Abin lura a nan shi ne, mai gadin nan ne ya ceci kumbon: bai hana kuskure ba, amma ya hana na'urar ta sandare har abada.

A ina cutar take?

Likita ba ya ba da magani sai ya san inda ciwo yake. A 1985 Jim Gray, wani masani a kamfanin Tandem, ya tattara rahotannin lalacewar kwamfutocin kamfanin ya yi nazarinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya lura cewa yawancin kurakuran manhaja da ke bayyana bayan an fara aiki da ita masu wucewa ne: sai abubuwa da dama sun haɗu a daidai wani lokaci suke aukuwa, in aka sake gwada aikin sai ya wuce lafiya. Wannan shi ne dalilin kimiyya da ya sa shawarar nan ta masu gyaran waya, a kashe a sake kunnawa, take yawan yin aiki.

A 2001 masu bincike a jami'ar Stanford suka bi cibiyar Linux da wata manhaja mai farautar kurakurai. Suka tarar cewa kurakuran sun fi taruwa ne a cikin ƙananan manhajojin da ake kira direba. Direba tafinta ce tsakanin cibiya da wata na'ura, kamar kyamara ko na'urar buga takardu. Yawan kuskure a cikinsu ya ninka na sauran sassan cibiya sau 3 zuwa 7. A 2003 kuma wasu masana na jami'ar Washington suka ruwaito cewa direbobi ne sanadin kashi 85 cikin 100 na sumewar Windows XP.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Linux ta fara da layin umarni kusan 10,000. A yau ta haura layi miliyan 30, kuma mafi yawansu na direbobi ne, waɗanda dubban mutane a kamfanoni daban-daban suka rubuta. Ga shi kuma a Linux da Windows yawancin direbobi a cikin cibiya suke zaune, da cikakken iko. In ɗaya ta yi tuntuɓe, sai ta ja kowa su faɗi tare.

Duniya ta ga girman wannan haɗari a ranar 19 ga Yuli, 2024. Kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan fayil mai kuskure. Da yake manhajar da ke karanta fayil ɗin a cikin cibiyar Windows take zaune, sai na'urori suka sume, kuma duk wadda aka sake kunnawa sai ta sake sumewa. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. An soke tashin dubban jiragen sama, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani. Ba ɓarayi ne suka kawo hari ba. Kuskure ɗaya ne a wurin da babu katanga.

Darasi daga ƙwayar halitta

Ɗalibin ilmin halittu ya san cewa ƙwayar halittar dabba ko tsiro ba buhu ba ce da aka zuba komai a ciki. Tana da ɗakuna, kowane da fatar da ta kewaye shi. Akwai wata 'yar jaka mai suna laisosom, wadda Christian de Duve ɗan ƙasar Beljiyam ya gano a 1955. Cike take da sinadaran narkarwa waɗanda za su iya cinye ƙwayar kanta, amma fatar jakar ta tsare su. Har ila yau, ƙwayar da ta lalace fiye da gyara takan kashe kanta bisa tsari, maƙwabtanta su share gurbin, sabuwa ta maye. Fatar cikin hanji ma duk bayan 'yan kwanaki ake sabunta ta, mai ita bai sani ba. Wato jiki yana dogara da abu biyu: katanga da sauyi.

Wasu masana kwamfuta sun bi wannan hanya. Suka ce a rage cibiya ta zama 'yar ƙarama, a fitar da direbobi waje, kowace a ɗakinta, ba ta iya taɓa na wani sai dai ta aika saƙo. Jagoran wannan ra'ayi shi ne Farfesa Andrew Tanenbaum na wata jami'a a Amsterdam, wanda ya yi shahararriyar muhawara da Torvalds a kan batun a 1992. A 2005 ya fito da MINIX 3. A cikinta akwai wani sashe da ke zagayawa yana duba lafiyar direbobi. In ya tarar ɗaya ta mutu ko ta daina amsawa, sai ya kawar da ita ya tayar da sabuwa, sauran na'ura na ci gaba da aiki.

Me ya hana kowa bin wannan tsari? Sauri. Duk katangar da aka gina, sai an tsaya an buɗe ƙofa kafin a wuce. Ƙananan cibiyoyin farko, irin su Mach ta jami'ar Carnegie Mellon, sun yi nawa saboda yawan aika saƙo, har mutane da dama suka yanke ƙauna. Wani Bajamushe, Jochen Liedtke, shi ya nuna a farkon shekarun 1990 cewa nawar ba dole ba ce. Ya sake tsara hanyar aika saƙon da matuƙar tsantseni, cibiyarsa mai suna L4 ta ninka Mach sauri sau da yawa. Daga baya wani reshe na L4 ya shiga cikin wayoyin salula sama da biliyan ɗaya.

Akwai kuma wani bincike da zai burge malaman ilmin halittu. A 2010 masana a jami'ar Yale, ƙarƙashin Mark Gerstein, suka kwatanta tsarin Linux da tsarin da ƙwayar bakteriyar hanji, E. coli, ke bi wajen sarrafa ƙwayoyin gadonta. A bakteriya sun ga shugabanni kaɗan a sama, ma'aikata masu yawa a ƙasa, kowane rukuni da aikinsa. A Linux kuwa masu ba da umarni ne suka yi yawa, suna dogara da ma'aikata kaɗan waɗanda kowa ke amfani da su. Tsarin Linux ya fi arha wajen gini, amma in ma'aikaci ɗaya ya samu matsala, sassa da yawa za su ji a jikinsu. Tsarin bakteriya ya fi tsada, ya kuma fi juriya.

Idan wuta ta ɗauke

Wannan sashe shi ya fi shafar makarantun arewacin Jigawa, inda ɗaukewar wutar lantarki da mutuwar janareta a tsakiyar aiki ba baƙon abu ba ne. A nan ne sauri da aminci suka fi yin karo.

An riga an faɗa cewa faifai yana da nawa. Domin kada mai aiki ya gaji da jira, babbar manhaja takan yi wata dabara: in aka ce ta adana rubutu, sau da yawa sai ta riƙe shi a ma'adanar wucin gadi, ta ce an gama, sannan ta kai shi faifai bayan 'yan daƙiƙoƙi. In wuta ta ɗauke a wannan tsakani, rubutun ya tafi. Wannan ne ya sa ake cewa a nemi izinin kwamfuta kafin a zare filash.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Adana fayil ɗaya yana bukatar rubutu a wurare da dama a kan faifai: inda bayanin yake, da jerin sunayen fayiloli, da lissafin guraben da ba a cika ba. A ɗauki misalin dillalin riɗi mai littafi biyu, na bashi da na kuɗin shiga. Wani ya kawo biyan bashi. Dillali ya soke sunansa a littafin farko, kafin ya buɗe na biyu sai aka kira shi, ya manta. Yanzu littattafan sun saɓa wa juna, kuma ba a san inda kuɗin ya shiga ba. Haka faifai yake zama in wuta ta yanke a tsakiyar rubutu.

Maganin da masana suka samo shi ne littafi na uku. Kafin dillali ya taɓa manyan littattafan, sai ya fara rubutawa a wani ƙaramin kundi cewa zai soke bashin wane, ya kuma shigar da kuɗi kaza. In ya kammala duka biyun sai ya ja layi a kai. Duk lokacin da ya dawo daga uzuri, kundin zai fara dubawa: abin da aka rubuta cikakke amma ba a ja wa layi ba sai ya ƙarasa shi, wanda aka rubuta rabi kuwa sai ya yi watsi da shi. Tsarin NTFS na Windows, wanda ya fito a 1993, da ext3 na Linux, wanda ya fito a 2001, duk suna da irin wannan kundi. Farashinsa shi ne wasu abubuwa sai an rubuta su sau biyu. Ya kamata kuma a gane cewa kundin tsarin faifai yake karewa. Ba lalle ne ya dawo da shafin da ɗalibi ke bugawa lokacin da wuta ta tafi ba.

Binciken bai ƙare a nan ba. A 2013 masana daga jami'ar jihar Ohio da kamfanin HP suka ɗauki faifan zamani marasa juyawa, irin waɗanda ake kira SSD, guda 15, suka riƙa yanke musu wuta da gangan suna cikin aiki. Guda 13 sun nuna matsala, daga ɓacewar bayanai har zuwa mutuwar faifan ɗungurungum. A 2014 wasu a jami'ar Wisconsin suka gwada sanannun manhajoji 11 masu adana bayanai, suka gano wurare 60 da yankewar wuta za ta iya yin ɓarna. A 2015 kuma masana a MIT suka fito da wani tsarin adana fayil mai suna FSCQ, wanda aka tabbatar da hujjar lissafi cewa ko a wane lokaci na'ura ta mutu, zai farfaɗo daidai.

Zafi ma yana da nasa tasiri. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a wannan yanki, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta toshe kafofin iska, masarrafa takan yi zafi fiye da kima. A nan na'ura takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, kamar yadda jiki ke rage kuzari a tsakar rana. Mai aiki zai ga kwamfuta ta yi nawa, alhali kare kanta take yi.

Hujjar lissafi da sabon harshe

Gwaji yana nuna cewa akwai kuskure, amma ba ya nuna cewa babu. Saboda haka wasu masana suka nemi tabbatar da ingancin cibiya kamar yadda ake tabbatar da ƙa'ida a darasin lissafi. A 2009 wata ƙungiya a Ostareliya, wadda Gerwin Klein da Gernot Heiser ke cikin jagororinta, ta sanar da seL4, jikar L4. Layinta kusan 8,700 ne a harshen C, amma hujjar da ke nuna tana yin daidai abin da aka tsara mata ta kai layi kusan 200,000. Wannan ya nuna ƙarfin hanyar da kuma iyakarta: tana yiwuwa ga ƙaramar cibiya, amma ta yi tsada ga mai layi miliyoyi.

Wata hanyar ita ce canza harshen da ake rubuta manhaja da shi. A 2019 Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaro da yake toshewa duk shekara daga kuskuren amfani da ma'adana suke tasowa, wato manhaja ta shiga gurbin da ba nata ba. Harshen Rust an gina shi ne yadda zai kama yawancin irin wannan kuskure tun kafin manhaja ta fara aiki. A watan Disamba na 2022 aka fara buɗe masa ƙofa a cikin cibiyar Linux.

Abin da ya rataya a wuyan makarantu

Komai kyawun manhaja, hannun mai kula da ita yana da rabonsa. A watan Mayu na 2025 hukumar JAMB ta amsa cewa wani gyaran manhaja da bai isa wasu na'urorinta ba ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, kuma aka sake musu jarrabawa. Wannan da abin da ya faru da CrowdStrike darasi ɗaya suke koyarwa: lokacin sauya manhaja shi ne lokacin da ya fi haɗari. Ga wasu ƙa'idoji ga malamin da ke kula da ɗakin kwamfuta:

1. A kashe kwamfuta ta hanyar umarninta, ba ta zare waya ba, kuma a kashe duka kafin a kashe janareta.

2. A samar da batirin ko-ta-kwana, wato UPS, ko da ga na'urar da ke riƙe da sakamakon ɗalibai ce kaɗai. Minti biyar ya isa a adana aiki.

3. Duk sabuwar manhaja ko direba, a fara gwada ta a na'ura ɗaya na 'yan kwanaki, sannan a tabbatar ta isa ga sauran duka.

4. A ajiye kwafin muhimman bayanai a wuri biyu, ɗaya a wajen ɗakin.

5. A rufe na'urori da ƙyalle bayan an kashe su, a kuma share kafofin iska kafin shigowar bazara.

6. A buɗe littafi na musamman, a riƙa rubuta duk lokacin da wata na'ura ta sume: rana, da lokaci, da aikin da ake yi, da halin da wuta ke ciki.

Ƙa'ida ta shida ita ce ƙofar bincike. Da irin wannan littafi Jim Gray ya fara. Yawancin gwaje-gwajen da aka ambata a sama an yi su ne a ɗakuna masu sanyi da wuta tsayayya, alhali na'urorin Gumel da Maigatari cikin zafi da ƙura da wuta mai yankewa suke aiki. Jihar Jigawa tana da cibiyar koyar da ilmin kwamfuta a Kazaure tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa. In makarantun sakandare goma suka riƙe irin wannan littafi shekara guda, za su bai wa waɗannan cibiyoyi abin nazari na haƙiƙa game da yadda kwamfuta ke lalacewa a wannan yanki.

Kammalawa

Mai gadin kumbon Pathfinder, da ɗakunan MINIX, da kundin faifai, duk sun yarda cewa kuskure zai faru, sannan suka shirya masa. Kowane kuma yana da farashi, ko na sauri ko na wahalar gini, kuma aikin mai bincike shi ne rage wannan farashi. Ɗalibin da ya fahimci dalilin da ya sa laisosom ke da fata, ya riga ya kama hanyar fahimtar babbar manhaja.

Tambayoyi don nazari

1. Bayyana bambancin ma'adanar wucin gadi da ta dindindin, ka kuma faɗi dalilin da ya sa ake neman izini kafin a zare filash.

2. Ta yaya ƙa'idar layin dogo guda ɗaya ta yi kama da makullin babbar manhaja?

3. A misalin makullin ɗakin gwaje-gwaje, wa ya tsare shugaban makaranta, kuma yaya aka warware matsalar?

4. Kawo hanyoyi biyu da ƙwayar halitta ke bi wajen killace ɓarna, tare da takwarorinsu a kwamfuta.

5. Aikin aji: ɗalibai uku su riƙe littafin bashi, da na kuɗin shiga, da kundi. Malami ya riƙa tafa hannu ba zato a matsayin ɗaukewar wuta. A gwada da kundi, a kuma gwada babu shi, sannan a kwatanta littattafan.